Gramps: Manhajar Rubuta Salsalar Dangi, Inda Ta Dace da Gidan Bahaushe da Inda Take Tuntuɓe

Kusan duk zuri'ar da ke taron zumunci na shekara-shekara tana da mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin rubuta dangi. Aikin sa kai ne, babu ko sisi a ciki. Kayan aikinsa babban littafi mai layi, ko kwali da aka zana bishiya a kai, sai saƙonnin WhatsApp da ke kawo sunan jariri ranar suna. Littafi yana riƙe mutum ɗari biyu ko uku lafiya lau. Daga nan rikici ke farawa. Wance ta auri ɗan baffanta, to a wane reshe za a sa 'ya'yansu? Wane ya rasu, ƙaninsa ya auri matar, ta haihu da su duka biyun. Wata kuma a hannun gwaggonta ta tashi, har rabin dangi na zaton gwaggon ce ta haife ta. Irin wannan aiki aka yi Gramps dominsa, kuma tana iya ɗaukar gida mai mata huɗu da 'ya'ya talatin ba tare da ta rikice ba. Sai dai saitin da take zuwa da shi na gidan Bature ne, kuma duk wanda ya fara zuba sunaye kafin ya gyara shi zai yi aikin sau biyu.

Manhajar kyauta ce gaba ɗaya, babu kuɗin wata, babu iyakar yawan mutanen da za a shigar. Wani Ba'amurke mai suna Don Allingham ne ya fara ta a 2001, yanzu kuma masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma in an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet, komai yana cikin kwamfutarka. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe ta. An fassara ta zuwa harsuna da dama, har da Faransanci da Larabci, don haka ɗan Maraɗi ko Damagaram zai same ta da harshen da ya yi boko da shi. Babu Hausa a ciki. Haka kuma ba ta zama a wayar hannu, kuma wannan ne babban aibinta a wurinmu, inda yawancin dangi waya kawai suke da ita.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ba bishiya take ajiyewa ba. Tana ajiye abubuwa daban-daban ne, kowanne da katinsa: mutum, iyali, aukuwa kamar haihuwa ko aure ko rasuwa, wuri, majiya, hoto. Bishiyar da ake gani zane ce kawai da take haɗawa daga waɗannan katuna. Kowane mutum yana samun lamba, I0001, I0002, haka har gaba, kowane iyali kuma F0001. Kada a raina lambar nan. A zuri'ar da ke da Muhammadu arba'in da A'isha talatin, ita kaɗai ce ba ta maimaita kanta, kuma yana da kyau a riƙa buga ta kusa da suna a duk takardar da za a raba wa dangi, don mai kawo gyara ya ce "I0214 ba ɗan Hajiya Babba ba ne" maimakon "Sani na gidan Baffa".

Suna shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Manhajar tana ɗauka cewa kowa yana da sunan gida da ake gada daga kaka zuwa jika, shi ya sa da ka ƙara ɗa a ƙarƙashin uba sai ta cike masa gurbin sunan ƙarshe da na uban. A wurinmu wannan kuskure ne: ɗan Garba Usman yawanci Musa Garba ne, ba Musa Usman ba. Kafin a shigar da mutum na farko, a shiga saiti, a nemi wurin da aka rubuta "Surname guessing", a mai da shi "None". Akwai wani zaɓi a wurin na salon mutanen Aisland, waɗanda su ma da sunan uba suke amfani, amma yana liƙa wa sunan wutsiyar harshensu, bai yi mana ba. Sannan a canza yadda take nuna suna, daga sunan ƙarshe a gaba zuwa sunan yanka a gaba, in ba haka ba jerin mutane zai fito a juye, ba mai gane kowa.

Inda ta burge shi ne gurbin sunan ƙarshe yana da wurin faɗin asalinsa. Ana iya cewa wannan sunan uba ne, wancan na gari ne, wancan na sana'a, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukar fiye da ɗaya. Wannan ya dace da 'yan bokon farko da makaranta ta laƙaba musu sunan garinsu, irin yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari, alhali 'yan'uwansu da ba su shiga boko ba suna amsa sunan uba. Ban da wannan, kati ɗaya yana ɗaukar sunaye iya yadda ake so. A ɗauki dattijon da sunan yankansa Abubakar. Gida ana ce masa Garba, matan 'ya'yansa suna sakaya shi da Baba na Kasuwa, takardar fanshonsa ta ce Abubakar Usman, ɗan'uwansa da ke Tawa ta Nijar kuma ya rubuto shi Aboubacar Ousmane. Sunan yanka shi ne zai zama babban suna, Garba ya shiga gurbin laƙabi, sauran kowanne ya zama ƙarin suna da ɗan bayanin wanda ke kiransa haka. In ba a yi haka ba, bayan shekara biyu za a tarar da mutum huɗu a rumbun, kowanne da rabin 'ya'yan.

Dole mai aikin ya san waɗannan tagwayen sunaye da kansa, domin manhajar ba ta san su ba. Ba ta san Shehu Usman ne ba, ko Sanda Umaru ne, ko Binta Fatima ce, Indo A'isha, Kulu Hauwa, Dije Khadija, Maitama Yusufu. Ba ta san cewa Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu duk Muhammadu ne a ranar suna ba. Ba ta san Abba da Ummi da Baffa sau da yawa sakayawa ce ga yaron da ya ci sunan kaka ba, wanda hakan ma alama ce mai amfani: in ka ga Abba, tambayi sunan wa ya ci, sau da yawa sunan kakan da aka manta zai fito. Sunayen rana da na yanayi su ma shaida ne. Jummai da Ɗanladi da Talatu suna faɗin ranar haihuwa, Gambo yana bin tagwaye, Tanko namiji ne bayan mata, Kande mace bayan maza. In jerin 'ya'ya ya nuna Gambo babu Hassan da Husaini a gabansa, akwai yaran da suka rasu suna ƙanana ba a faɗa maka ba.

Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna shiga kuma suna fita daidai. Matsalar tana wajen nema: in ka rubuta Danladi ba za ta kawo maka Ɗanladi ba. Sai a tsai da ƙa'ida ɗaya tun ranar farko a bi ta har ƙarshe. Haka Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman: a zaɓi rubutu ɗaya ga babban suna, abin da ke kan takardun mutum ya tafi ƙarin suna.

Auren mace fiye da ɗaya bai ba ta wahala ko kaɗan. Kowace mata da mijin iyali ne mai lambarsa, 'ya'yanta a ƙarƙashinta, don haka 'yan ɗaki da 'yan uba suna rabuwa da kansu. Ana iya jera matan bisa tsarin shigowarsu, uwargida a sama, kuma a jera 'ya'ya bisa haihuwa ko da babu kwanan wata. Kuskuren da sababbin hannu ke yi shi ne zuba duk 'ya'yan mutum a iyali ɗaya saboda ba a san iyayensu mata ba. Gara a buɗe iyali daban ga kowane ɗaki, a bar gurbin uwar babu kowa, ko a sa mata sunan da aka san ta da shi ko da Inna ta Gabas ne. Raba su daga baya aiki ne mai cin rai. In an yi saki aka yi kome, ba a buɗe sabon iyali: a cikin na farkon ake ƙara aukuwar saki, sannan aukuwar aure ta biyu. Gurbin irin dangantakar ma'aurata yana karɓar abin da ka rubuta da hannunka, saboda haka gidajen sarauta da ke da sa-ɗaka a tarihinsu za su iya rubuta hakan yadda yake.

Riƙo ma yana da wurinsa. Yaro ɗaya zai iya zama a iyali biyu, a ɗaya an nuna haihuwa ce, a ɗayan riƙo, kuma dangantakarsa da mijin da ta matar kowacce daban ake sa ta. Agola sai a nuna ɗan matar ne ta haihuwa, ga mijin kuma ɗan mata. A kula da kalmar "Adopted" da ke cikin zaɓin, ma'anarta ɗan da doka ta mayar naka har ya ɗauki sunanka, abin da ba shi ne riƙonmu ba. "Foster" ta fi kusa, ko kuma a rubuta Riƙo kai tsaye, za ta karɓa ta ajiye shi cikin zaɓuɓɓuka.

Abin da babu shi sam shi ne shayarwa. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, tunda 'yan'uwantakar nono tana haramta aure kamar ta jini, kuma a zuri'ar da ke yawan auren zumunci ita ce tambayar da za a fi zuwa da ita wurin mai riƙe da salsala. Dabarar da ke aiki ita ce shafin alaƙa da ke cikin katin kowane mutum, wanda aka tanada don dangantakar da ba ta jini ba. A haɗa yaron da matar da ta shayar da shi, a rubuta Shayarwa, a ƙara bayanin wanda ya shaida da kuma goyon wane ɗa take yi a lokacin. Amma manhajar ba za ta yi maka lissafin wanda ya haramta ga wa ba, kuma ba ya fitowa a zanen bishiya. Shi kansa ma'aunin dangantakar da ke cikinta da Turanci yake tunani: baffa da kawu duk abu ɗaya ne a wurinsa, gwaggo da inna haka, balle ya san abokin wasa. Amfaninsa guda, yana nuna duk hanyoyin da mutum biyu suka haɗu, ta uwa da ta uba, in auren dangi ya sarƙe.

Kwanan wata shi ne inda ta fi sauran manhajoji dacewa da mu. Tana karɓar shekarar Hijira kai tsaye, ta jera ta daidai tare da ta Miladiyya. Wannan yana da amfani ga gidajen malamai, inda ake samun haihuwa da rasuwa a rubuce da ajami a bangon littafi. Abu biyu za a kiyaye. Lissafinta na ƙa'ida ne, ba na ganin wata ba, don haka yakan saɓa da kwana ɗaya ko biyu. Kuma shekarar Hijira tana hawa kan shekara biyu: 1380 ta fara a ƙarshen Yunin 1960 ta ƙare a Yunin 1961, saboda haka a shigar da ita yadda aka same ta, kada a juya ta da ka a rubuta 1960.

Yawancin tsofaffi kuwa ba da lamba suke ba da lokaci ba. Za ka zauna gaban tsohuwa ka tambaye ta yaushe aka haifi autanta, ta ce da kaka ne, ana cikin yankan gero, shekarar da aka canza kuɗi. Gramps tana da "wajen", da "kafin", da "bayan", da "tsakanin kaza da kaza", kuma tana bari a nuna cewa kintace ne. Aikin mai rubutu shi ne ya sake tambaya: wane canjin kuɗi? Na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, ko na 1984 lokacin Buhari? Shekara goma sha ɗaya ke tsakani. In ta ce shekarar da Sarki ya rasu, a Kano wannan zai iya zama Abdullahi Bayero a 1953 ko Muhammadu Inuwa a 1963, a Katsina kuma Dikko a 1944 ko Usman Nagogo a 1981. Yana da kyau mai aikin ya riƙe jerin irin waɗannan turaku a takarda ɗaya: zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903, yunwar Kakalaba wajen 1914, zuwan Sarauniya 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙin hannun dama 1972, juyin mulkin Seyni Kountché 1974, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980. Sai a shigar da shekarar a matsayin kintace, a kwafe maganar tsohuwar kalma da kalma a cikin bayani, don wanda zai zo baya ya ga daga ina lambar ta fito. Akwai saiti ɗaya da ke buƙatar gyara a nan: "wajen" a wurinta yana nufin shekara 50 gaba da baya, wanda ya sa bincike ke kwaso mutanen da ba su da alaƙa da lokacin. A rage shi zuwa 5.

Takardun hukuma su ma ba a haɗiye su haka nan. Ranar 1 ga Janairu da ke cike da takardun shekaru na kotu da katunan shaida ba ranar haihuwar kowa ba ce, cike gurbi ne, kamar yadda tsofaffin takardun Nijar ke rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Kuma kowa ya san ana rage shekaru saboda aiki ko makaranta. Manhajar tana bari a ajiye haihuwa biyu ga mutum ɗaya, kowacce da majiyarta, a ɗora wadda aka fi yarda da ita a sama.

Wurare ana jera su ne ɗaya cikin ɗaya, unguwa cikin gari, gari cikin jiha, kuma kowace dangantaka tana ɗaukar shekarunta. Haɗeja tana Jihar Kano har 1991, daga nan Jigawa. Funtuwa tana Kaduna har 1987, Gusau tana Sakkwato har 1996. Kati ɗaya ake yi wa garin, manhajar ta nuna jihar da ta dace da shekarar aukuwar. Wannan yana taimakawa ga reshen da ya yi nisa, kamar waɗanda suka tafi Hajji a ƙasa suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, ko 'yan zangon Kumasi da suka dawo gida bayan korar baƙi ta 1969.

Bangaren majiya shi ne wanda masu aikin sa kai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kashe gardama a taron dangi. Kowace magana ana iya rataya mata wanda ya faɗe ta, da matakin amincewa guda biyar daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi. Tsarin da ya fi sauƙi: kowane dattijon da aka yi hira da shi majiya ɗaya ne, kowace zama da shi a rubuta ranarta, a ɗauki muryar da waya a liƙa fayil ɗin, a nuna minti na nawa aka yi maganar. Saman salsala ya fi buƙatar wannan. Kakanni huɗu ko biyar na kusa yawanci tabbatattu ne. Daga nan sama sunaye kan faɗi, domin "ɗan wane" a bakin masu ba da tarihi yakan nufi jika ko tattaɓa-kunne. In tsakanin mutumin da ya yi zamani da Shehu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da wanda aka haifa a 1950 sunaye biyu kawai aka ba ka, da wuya lissafin ya tashi. A rubuta abin da aka ji, a sa masa amincewa mai rauni, kada a ƙirƙiro suna don cike giɓin. Kuma a nemi tsofaffin mata tun da wuri: salsalar da maza ke haddacewa ta maza ce zalla, su kuwa mata su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa.

Akwai kayan binciken kurakurai mai suna "Verify the Data", kuma duk wanda ya kunna shi a kan zuri'ar Hausawa ba tare da gyara ba zai sha dariya. A ƙa'idarsa ta asali mutum ba ya wuce aure 3, namiji ba ya wuce 'ya'ya 15, mace 12, ba a aure ƙasa da shekara 17, namiji ba ya haihuwa bayan 65, tazarar miji da mata ba ta wuce shekara 30. Sakamakon shi ne ɗaruruwan gargaɗi a kan abubuwan da suke daidai, kuskuren gaske ya ɓace a cikinsu. Duk lambobin ana canza su a tagar da ke buɗewa kafin ya fara. In aka ɗaga su zuwa abin da ya dace da gidan, sai ya koma kama abin da ake so: ɗan da ya girmi uwarsa, wanda aka binne kafin ya rasu, wanda aka haifa shekara biyar bayan rasuwar uba.

Mai neman mutanen da aka shigar sau biyu kuwa rauni gare shi. Da sunan ƙarshe yake fara tarawa, da wani tsarin kamanta sauti da aka gina kan sunayen Turawa, wanda ke riƙe harafin farko. Usman da Ousmane ba za su haɗu ba, balle Garba da Abubakar. A ɗaya gefen kuma zai kawo maka 'yan'uwa biyu masu suna Muhammadu ya ce mutum ɗaya ne. Kada a haɗe kati biyu sai an duba uwa. Ana iya janye haɗewar muddin ba a rufe manhajar ba, da an rufe shi ke nan. Haɗari mafi girma shi ne shigo da fayil ɗin wani ɗan'uwa cikin babban rumbun: ba ta tantancewa, za ta zuba kowa a matsayin sabon mutum, a wayi gari kowane kaka ya zama biyu. Fayil ɗin da aka aiko a buɗe shi a sabuwar bishiya daban, a duba, sannan a kwashe abin da ake so.

Wajen fitar da aiki ga dangi tana da rahotanni da yawa, amma biyu ne za a fi amfani da su. Jerin zuriya a rubuce, mai lamba, ya fi dacewa da PDF da za a tura a waya. Don bango kuma, zanen "Relationship Graph" shi ne ke nuna kowane mutum sau ɗaya ko da auren zumunci ya haɗa rassa, alhali bishiyar zuriya ta yau da kullum tana maimaita shi a kowane reshe. Mutum 500 ba sa karantuwa a takardar A4. Ko dai a buga kowane ɗaki daban, ko a kai wa masu buga bana su fitar a girman A0, wato santimita 84 da 119. A kai musu PDF, domin yana tafiya da haruffansa, in ba haka ba ƙ da ɗ kan koma akwatuna a injinsu.

Batun sirri yana buƙatar faɗa a fili. Kowane kati yana da ɗan kwaɗo da ake dannawa a ce wannan na sirri ne, kuma lokacin fitar da rahoto ana iya cire su, a kuma cire rayayyu ko a ɓoye sunayensu. Amma kwaɗon ba makulli ba ne. Manhajar ba ta da kalmar sirri, duk wanda ya buɗe kwamfutar zai ga komai. Asalin bauta, ko shakkar nasaba, ko dalilin mutuwar aure, abubuwa ne da ke raba zumunci, kuma wasunsu gara a bar su a ƙwaƙwalwar dattawa. Sannan tana ɗaukar duk wanda ba a rubuta rasuwarsa ba a matsayin rayayye har ya kai shekara 110, don haka a sa aukuwar rasuwa ko da ba a san shekarar ba. Ranar rasuwa kuma a yi ƙoƙarin samun ta daidai, tunda wanda ya riga wani rasuwa yana canza rabon gado, ko da yake alƙali shaidu zai nema, ba takardar kwamfuta ba.

Ga wanda ke son dangi su riƙa dubawa a waya, akwai 'yar'uwarta Gramps Web da ake buɗewa a burauza, mai matakan izini daga mai kallo kawai zuwa mai gyara. Sai dai tana buƙatar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, da kuma wanda ya iya kafa ta. Sauran zaɓin kowanne da nasa. MyHeritage ya fi sauƙi a waya, amma tsarinsa na kyauta yana tsayawa a mutum 250, adadin da jikokin mutum ɗaya kan cike. FamilySearch kyauta ne, na cocin Mormon ne, kuma bishiya ɗaya ce ta duniya da kowane mai rajista zai iya taɓa bayanan mamatanka. Ana iya ƙaura tsakaninsu da fayil ɗin GEDCOM, wanda manhajojin salsala ke musayar bayanai da shi, amma abubuwan da ka rubuta da hannu irin su Riƙo da Shayarwa ba lalle su isa can yadda suke ba.

Saura ajiya, inda aikin shekaru ke salwanta. Gramps ba ta da maɓallin adanawa, da ka danna OK ya shiga, wanda ya yi kyau a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. In kwamfuta ta mutu tana buɗe, za a tarar da alamar kwaɗo a kan bishiyar. A tabbatar ba a buɗe take a wata taga ba, a cire kwaɗon, a gudanar da kayan duba da gyaran rumbu. Hotuna kuwa ba ta haɗiye su, hanyar da ke kai wa gare su kawai take riƙewa. In ka canza sunan folda ko ka matsar da ita, duk hotunan sun yanke. A buɗe folda ɗaya tun farko, a nuna mata ita a saiti, a riƙa sa wa kowane hoto lambar mai shi. Kwafin ajiya iri biyu ne: mai ƙarewa da .gramps bayanai ne kawai, ƙarami ne har ana iya tura shi ta imel, mai ƙarewa da .gpkg kuma yana haɗawa da hotuna da muryoyi. A kunna ajiya ta kai tsaye duk lokacin rufewa, a kuma yi .gpkg duk wata a filashi da ke wani gida daban, hannun mutum na biyu da ya iya buɗe ta. Kafin sabunta manhajar a yi kwafi, domin rumbun da sabuwa ta taɓa ba ya komawa tsohuwa. Sau ɗaya a shekara, kafin taron zumunci, a gwada kwafin a wata kwamfutar: a buɗe bishiya fanko, a shigo da shi, a duba adadin mutane ko ya yi daidai da na asali, a buɗe hotuna uku ko huɗu daga rassa daban-daban.